Musayar Waƙa: 'Yar Tashar Bayan Birni

Sarkin Kebul:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na buɗe da ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ri". Batu: yadda ƙananan tashoshin talabijin na unguwannin bayan birni suka faro a Amurka. Mai iyawa ya karɓa.

Da sunan Allah zan soma shiri,
In ba ku labarin 'yar tashar gari,
Ba ta da hasumiya, ba ta da jari,
Waya ce uwarta tun da fari.

Kudu da Washington akwai wata unguwa,
Dale City, ma'aikatan birni ke zuwa
Su kwana, da safe su kama komawa,
A nan aka fara wannan shiri.

A 1968 mai kebul na wurin
Ya ware layi guda cikin layukan garin,
Ya ba ƙungiyar matasa ta Jaycees riƙon shirin,
Su ɗauki unguwa su nuna wa gari.

Shekara biyu ta yi sannan ta kwanta,
Kuɗi babu, kaya ba su wadata,
Amma wasu garuruwa sun ga hanyarta,
Suka ɗau darasi suka sake tsari.

Mai Eriya:
Sarki, sarautarka ta igiya ce,
Tashar da ba ta hawa iska ƙarya ce,
In ɓera ya ci waya, shi ke nan ta mace,
Tasha ta ainihi tana da eriya.

A 1962 aka kafa doka,
Duk akwatin da za a sayar a Amurka
Sai ya kama layukan UHF kafin ya shiga ɗaka,
Layi 14 har 83, ba tsallake ɗaya.

A 1982 FCC, hukumar sadarwa, ta buɗe ƙofa,
Tasha mai ƙaramin ƙarfi a kafa,
Turansimita da hasumiya mai tsawon ƙafa,
Hoto ya isa unguwa babu waya.

Sarkin Kebul:
Ƙanena, ka faɗi rabi ka kama baki,
Lasisinku na biyu ne a wurin aiki,
Babba in yana son layin da kake ciki,
Kai za ka tashi ka nemi wani wuri.

In siginarka ta shiga tasa, laifinka ne,
In tasa ta danne taka, haƙurinka ne,
Mai kebul ya ɗauke ka, galibi zaɓinsa ne,
Ga tashar iska da ba ta da tsari.

A 1972 FCC ta yanke,
A manyan kasuwanni 100 kamfani ya ɗauke
Layi uku daga nasa, ya ba da su a sake:
Na jama'a, na makaranta, na hukumar gari.

Na jama'a, wanda ya riga shi ne a gaba,
Ba a tambayar jam'iyya ko sunan uba,
Kamfani ba ya taɓa shirin da ka zuba,
Ka cike takarda, ka shiga jeri.

Ɗan Kallo:
Kai! Ranka ya daɗe, ka gama da shi. Mai Eriya, sauko daga hasumiyar nan kafin iska ta kwashe ka.

Uwar Zaure:
Ɗan Kallo, kai ko tari Sarki ya yi sai ka ce ya yi baiti. Ɗangon ɓera da waya ya fi duk abin da aka zuba yau daɗi.

Malam Aruli:
Allah ya ba ku haƙuri, amma waƙa da baki ake auna ta. Ku karanta ɗangon Sarki a bayyane: "A dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in da biyu FCC ta yanke." Gaɓa 23 ke nan. Ɗangon da ya rufe baitin gaɓa 15 ne. A wane bahari aka ɗora wannan?

Lamba a takarda 'yar guntuwa,
A baki sai ta zam doguwa,
Ɗango guda yana sukuwa,
Ɗan'uwansa na rarrafawa.

Sarkin Kebul:
Allah gafarta Malam, ai mai rerawa
"Saba'in da biyu" yake cewa,
Dubu da ɗari tara kowa na ganewa,
Kai ne ka jawo su don neman gori.

Mai Eriya:
Malam ya yi gaskiya, Sarki ya karye,
Kari ya tsinke, ƙafa ta shanye.

Ɗan Kallo:
Mai Eriya, naka 1962 da 1982 fa? Su gajeru ne? Ko Malam ya yi maka rangwame don kuna gefe ɗaya?

Malam Aruli:
Ba ni da gefe. Nasa ma gurgu ne, na fara da babba ne kawai. Kuma "ce" da "ce" da "mace" amsa-amon malalaci ne.

Mai Eriya:
Malam, ashe kai ba ka da aboki,
Na ba ka hannu ka mayar da shi da duka.

Malam Aruli:
"Aboki" da "duka" ma ba su haɗu ba.

Gwanar Tef:
Yayyena, kun yar da tarihi a hanya kuna awon gaɓa. Sarki ya tsallake kotu, kuma da gangan. Nawa amsa-amon "wa".

Dokar nan tasa ba ta yi tsawon rai ba,
Kamfanin Midwest Video bai yarda ba,
A 1979 Kotun Ƙoli ta duba,
Ta ce FCC ta zarce iyaka, sai rushewa.

Abin da ya ceci tasha yarjejeniya ce,
Titi na gari ne, waya ta kamfani ce,
Kafin ya ja ta, majalisar gari ta ce:
Ba mu layi da ɗaki, ka samu wucewa.

Dokar 1984 ta tabbatar da haka sarai,
Gari ya nemi layi, ya karɓi kuɗin izini dai,
Kashi 5 cikin 100 na cinikin kebul kawai,
Daga nan ake yanka wa tasha abin taɓawa.

Kyamarar Portapak ta Sony a 1967 ta fito,
Tef rabin inci, baƙi da fari ne hoto,
Minti 20 ne faifai, akwati a kafaɗa ƙato,
Ita ta fid da kyamara daga ɗaki zuwa unguwa.

Kyamarar da bututun bidikon ke ciki,
Kar ka nuna ta ga rana ko fitilar ɗaki,
Tabo ya ƙone a fuskar bututu, ya bi duk aiki,
In ya yi zurfi, sai an sake shi yake gushewa.

A 1971 kaset ɗin U-matic ya shigo da launi,
Faɗin tef uku bisa huɗu na inci a ma'auni,
Babban kaset minti 60, na fita 20, ga bayani,
Shi ƙananan tashoshi suka daɗe suna morewa.

Uwar Zaure:
Ga mace ta zo ta raba gardama! Ɗan Kallo, ina bakinka?

Ɗan Kallo:
Ta yi ƙoƙari, amma a kan tubalin Sarki ta ɗora.

Ɗan Auta:
Yaya Gwana, ina da tambaya,
Tsofaffin shirye-shiryen da ake ɗorawa a intanet,
Me ya sa hoto ke tsagewa wajen haɗi,
Fuska kuma ta koma ruwan lemo?

Malam Aruli:
Auta, ɗango huɗu, amsa-amo huɗu, ba wanda ya san ɗan'uwansa.

Ɗan Auta:
Malam, amsa nake nema, ba maki ba.

Baba Injiniya:
An bar yaro da tambaya ana duba masa ƙafar waƙa. Ni ƙwar biyu zan yi, numfashina bai kai huɗu ba.

Ɗana, a gefen tef akwai bugun alama,
Kusan 30 a daƙiƙa, da su inji ke lura.

In ka haɗa hoto a inda bugun ya yanke,
Allo ya tsage, ya yi tsalle, ya ta da ƙura.

Don haka sabon kaset a shimfiɗa masa baƙi,
Daga goshi har wutsiya, kafin a fara.

Sai sandunan launi da sautin haz 1,000,
Minti guda a gaba, mai kunnawa ya gyara.

Inji biyu ne, mai bayarwa da mai ɗauka,
Su ja baya daƙiƙa 5, su daidaita gudu, a sara.

Kowane kwafi yana cin kaifin hoto,
A hawa na uku ja ya malale, ka ga asara.

Fitilar ɗaki kelbin 3,200, rana wajen 5,600,
Nuna farar takarda, ka saita kyamara.

In ka shigo da saitin rana, fuska ta yi lemo,
In ka fita da na fitila, shuɗi, ba dabara.

Gurnanin taron majalisa haz 60 ne na lantarki,
Wayar ƙasa ta rabu biyu, a soket guda a tara.

Kafin tef ya hau layi sai ya ratsa injin TBC,
Shi ke kwantar da rawar da injin ya ƙara.

Daga nan modileta ta ɗora shi a megahaz 6,
Zuwa cibiyar kamfani, ita ke raba wa gida da tura.

Malam Aruli:
Baba, da girmanka, wannan littafin gyaran inji ne aka ɗaura wa amsa-amo a wutsiya. Kuma "gida da tura" me ke nan? An jawo "tura" ne da igiya don ta cike rami.

Uwar Zaure:
Malam, kai baiti ɗaya ka yi tun safe. Mai hannu a aljihu bai kamata ya raina ginin wani ba.

Baba Injiniya:
Malam, karinka da bugun tef ɗina ɗaya ne,
In ya yanke, kunne ya ji, ban musa ba, na lura.

Amma tef mai bugu lafiya ba hoto a kai,
Baƙi ne zalla, shi ka kawo mana ka tsara.

Ɗan Kallo:
Wayyo! A kawo wa Malam ruwa.

Malam Aruli:
Na ji. "Lura" sau biyu a waƙa ɗaya, a rubuta.

Mai Eriya:
Sarki, mu koma kan gardamar farko,
Wa ya kwanta, wa kuma ya yi ƙarko?
Jama'a na yanke kebul, intanet suka ɗauko,
Kashi 5 na abin da ya rage, ai ka ji tsiya.

Mu dijital ta zo ta ƙara mana fili,
Manya a 12 ga Yunin 2009 suka sauya hali,
Ƙanana a 2021, ranar 13 ga Yuli,
Layi guda yanzu na ɗaukar tasha fiye da ɗaya.

Sarkin Kebul:
Fili? Ƙanena, ƙidaya layukan da suka rage,
83 ɗin da ka yi taƙama tuni an yage,
Daga 70 aka fara, sai daga 52 aka ɗage,
Gwanjon 2017 ya tsayar da ku a 36, ba ƙari.

Masu wayar salula suka saye sararin,
Manya aka biya su ko aka sauya musu wurin,
Ƙanana ba a kare su ba a cikin tsarin,
Wanda bai sami sabon layi ba ya kashe shiri.

Analog in ta raunana, yayyafi ne a allo,
Kana ganin mutum, kana ci gaba da kallo,
Dijital kuwa ɗif take, ko ana tsakar ƙwallo,
Gidan da ke bayan tudu sai haƙuri.

Mai Eriya:
Ka ba da amsar da ba a tambaya ba,
Batun kashi 5 ɗin ba ka taɓa ba.

Gwanar Tef:
Ba zai taɓa ba, don ya san a 2019 FCC ta ƙara masa ciwo: ta ce yawancin hidimar da kamfani ke yi wa gari kyauta ana iya lissafa ta cikin kashi 5 ɗin. Ku saurara, akwai abin da ya fi wannan gaggawa.

Ku biyun kuna faɗa kan wa ya fi rai,
Tarihin tashar na cikin kwali a sito dai,
Taron majalisa, wasan makaranta, zaɓe, duk sarai,
A kan tef ɗin da gam ɗinsa ke narkewa.

Gam ɗin da ya riƙe maganaɗisu laima ya lashe,
Ya yi danƙo, ka kunna, kan inji ya toshe,
Tef ya yi kuka, hoto ya dushe ya gushe,
Tsayar nan take, kar ka ci gaba da murzawa.

Juya U-matic, akwai jan maɓalli a ƙasa,
Cire shi, don kar a yi sabon ɗauka a bisa,
Leƙa ta taga, in fumfuna ta yi fari a kansa,
Ware shi daban, ba ya shiga inji sai an yi sharewa.

A gasa tef a digiri 54 na Salshiyas, ya zauna a tsaye,
Yini da kwana, ko fiye, har laimar ta janye,
Sai a bar shi ya huce kwana guda a ajiye,
A kwafe da wuri, don danƙon na dawowa.

Kan inji a goge da alkohol mai kashi 99,
Da tsumman fata, gefe zuwa gefe, a lura,
Sama da ƙasa kan ya karye, ka yi asara,
Kwafi biyu a wuri biyu, sannan hutawa.

Malam Aruli:
Alhamdu lillahi, Hajiya ta ba ni hujja. 99 bai yi amsa-amo da "lura" ba sai an furta "casa'in da tara". Ashe dai lamba a baki take. Sarki, dawo mu sake ƙidaya 1972.

Sarkin Kebul:
Malam, casa'in da tara gaɓa shida ce,
Ita ba ka ce mata gurguwa ce,
Sikelinka na da ido biyu, in ji mai zance,
Ɗaya na Gwana, ɗaya na mai sarautar gari.

Uwar Zaure:
"In ji mai zance" an cusa shi ne, Sarki. Ko Ɗan Kallo ba zai kare wannan ba.

Ɗan Kallo:
Zan kare.

Ɗan Auta:
Yaya Gwana, a obin ɗin gas za a iya gasawa?
Ga amsa-amo na kawo, Malam ya daina harara da kushewa.

Gwanar Tef:
Auta, kar ka soma, gas na hawa da sauka,
Wutarsa na fid da laima, ita ce ke cutar ka,
Maikurowef kuwa tartsatsi zai yi ya ƙona maka,
Injin busar da 'ya'yan itace ya fi dacewa.

Sa ma'aunin zafi daban a ciki, ka duba,
Lambar jikin inji ba kullum take daidai ba,
In ya haura 60, robar kaset ba za ta jure ba,
Gwada da kaset marar amfani kafin na ajiyewa.

Malam Aruli:
Auta, ɗangonka na biyu ya fi na farko tsawo da gaɓa huɗu. Amma an samu ci gaba.