Wane ne ɗan ƙauye a Ghana?

Mai shago a Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke cina tun makon jiya, kuma idan ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba. Na bar Kumasi da asuba na nufi Accra, tafiyar kilomita kusan 250, domin a sa hannu a wata takarda ta kayan da na sayo, bayan ofishin da ke nan garinmu ya ce ba shi da ikon yin hakan. Kwana uku na yi a ɗakin wani ɗan'uwa a Mamobi, kullum ana ce mini in dawo gobe, kuma a rana ta uku wani ma'aikaci da bai kai ɗana na fari shekaru ba ya dubi takalmina da ƙura ta rufe, ya ce wa abokinsa mu mutanen ƙauye ba mu da haƙuri. Koko ba a Accra ake nomansa ba, zinariya tana Obuasi, man fetur kuma a tekun yamma ake haƙo shi tun 2010. To me ya sa sa hannu ɗaya tak sai an je Accra?

Malamin makaranta a Asawase: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya huci zuciyarka, amma ni kalmar ƙauyen nan ce ta tsaya mini a wuya. Garin da ke da fadar Manhyia ta sarkin Ashanti da kasuwar Kejetia ne ake kira ƙauye? Turawa ba su mayar da hedikwatarsu Accra daga Cape Coast ba sai a 1877, lokacin da Kumasi ta daɗe tana mulkin ƙasashe, kuma jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso mana a 1903, shekara 20 kafin layin Accra ya ƙaraso. A ƙidayar 2021 ma, jihar Ashanti da ta Accra kowacce na da mutum miliyan 5.4 da ɗoriya, tazarar da ke tsakani ba ta kai dubu 20 ba. Yaron nan ya koma makaranta.

Ɗalibi daga Tamale: Malam, da girmanka, amma dariya ta kama ni da na ga mutanen Kumasi suna jin zafin wannan kalma, domin ita ce kuke jifanmu da ita kullum. Jirgin ƙasan da kake alfahari da shi a Kumasi ya tsaya, har yau bai taɓa hawowa arewa ba. Accra ta samu jami'a a 1948, Kumasi ta samu kwalejinta a 1952, mu kuwa sai a 1992 aka kafa mana jami'a a Tamale. Ƙannenmu mata da ke ɗaukar kaya a kai cikin Kejetia, da kwanon silba da goyo a baya, ba Accra ce ke kiransu 'yan ƙauye ba, ku ne.

Malamin makaranta a Asawase: Ɗana, ban taɓa kiran kowa da wannan suna ba, kuma bai dace ka ce "ku" ka haɗa gari guda ba.

Hajiya mai atamfa a Nima: Ina karanta maganganunku ina mamakin wace Accra kuke nufi. Idan ta East Legon da Cantonments ce, to mu ma a mota muke hango ta. Ku zo Nima ku tsaya a bakin babbar kwata da damina, ku ga yadda muke ɗora katifa a kan tebur da zarar hadari ya haɗu, ku kuma tuna daren 3 ga Yunin 2015 da ruwa da gobara suka haɗu a shataletalen Circle aka rasa rayuka kusan 150. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin hayar da ya wuce na wata 6, amma a nan sai ka biya na shekara 2 kafin a miƙa maka makulli. Alhaji ya sha wahalar kwana uku, mu kuwa a cikinta muke zaune. Kuma ni ban yarda ma'aikacin nan haifaffen Accra ba ne, domin rabin masu yi wa mutane kallon ƙauye jiya-jiya suka sauko daga mota.

Mai shago a Aboabo, Kumasi: Hajiya, ni tambayata a kan takarda ce da ikon sa hannu. Don Allah a dawo kanta.

Direban motar Kumasi zuwa Accra: Alhaji, a gafarce ni, amma Hajiya ta ce rabin masu raina mutane baƙi ne, kuma ban san inda ta ƙirga su ba. Shekara da shekaru ina sauke fasinja a Circle, kuma rainin da nake gani na 'yan gari ne. Garin da ƙungiyarsa ta ƙwallon ƙafa, Hearts of Oak, ta ɗauki kofin zakarun Afirka sau ɗaya kacal, a 2000, bai kamata ya ɗaga wa Kumasi garin Kotoko hanci ba, wadda ta ɗauka a 1970 da 1983.

Matashi daga Mamobi: Baba direba, kofin 1983 ya girmi yawancinmu, kuma wanda ke zaune da labarin kakanni shi ne ainihin ɗan ƙauye. Ku riƙe tarihinku, ku bar mu da Hearts.

Dattijo daga Sabon Zango, Accra: Ya isa haka, 'ya'yana. Mu da kakanninmu suka biyo hanyar goro ta Salaga suka yada zango a Kumasi da Ankara, kamar yadda suke kiran Accra, ba mu ne za mu tsaya muna auna wanda ya fi wani zama ɗan gari ba, domin a 1969 da gwamnatin Firaminista Busia ta ba da umarnin korar baƙi, ba a tambayi ɗan zango ko na birni ne ko na ƙauye ba. Maganar Alhaji tana da tushe. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabannin gundumomi daga Accra, kuma ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya a Disambar 2019 kan zaɓen ƙananan hukumomi an soke ta kafin ranar ta zo. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa gundumomi aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shiga, amma daga Accra kuɗin ke fitowa, kuma wanda ke riƙe da ludayi shi ke sanin wanda zai fara sha. An ƙara jihohi daga 10 zuwa 16, sai dai alƙalamin bai bar inda yake ba.

Ɗalibi daga Tamale: Baba, na ji daɗin da ka ambaci Salaga, domin garin da ya ciyar da kasuwar goro ta dukan yankin nan yau idan ka ambace shi a Kumasi sai a tambaye ka ko akwai wuta a can. Wannan ma ba raini ba ne?

Hajiya mai atamfa a Nima: Direba ya ce ban ƙirga ba. Shi ya ƙirga ne?

Malamin makaranta a Asawase: Tun da dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. Kowa ya amince cewa Kumasi ba ƙauye ba ce kuma ba ta taɓa zama ba, kuma babu wanda ya iya musanta shekarun da na kawo. Hajiya da kanta ta tabbatar da cewa Accra ba ta iya riƙe ruwan samanta ba, balle ta raina wani gari. Ƙorafin ɗanmu na Tamale abin dubawa ne, amma Accra ya kamata ya kai wa, domin ba Kumasi ce ke shimfiɗa layin dogo ba. Batun ƙwallo kuwa lissafi ya riga ya raba shi, biyu ta fi ɗaya.

Mai shago a Aboabo, Kumasi: Na gode Malam. Takardar dai har yanzu ba a sa mata hannu ba, kuma ranar Litinin zan sake hawa mota. Baba direba, ka ajiye mini kujerar gaba.