Wai me ya hana gwamnati ta yanke wa 'yan kasuwa farashi?

Dan Aboabo:
Salam jama'a. Kullum a rediyo sai ka ji ana cewa a bar kasuwa ta yi halinta, wai waye ya kawo wannan magana? Me zai hana gwamnatinmu ta Ghana ta ce olonka, wato mudu, na shinkafa sidi kaza ne, kowa ya huta?

Baba Nima:
Yaro ai an gwada. A 1979 hawan Rawlings mulki na farko sojoji suka shiga kasuwa da farashin kantirol, wato wanda gwamnati ta yanke, aka yi wa mata bulala, har kasuwar Makola ta Accra aka rushe, to kaya sun yi araha? Bacewa suka yi, sabulu da sukari da madara sai ta bayan fage a hannun 'yan kalabule, masu boye kaya su tsauwala kudi, kana da kudinka kana bin layi. A 1983 shi din dai ya koma wajen IMF, asusun ba da lamuni na duniya, aka fara sakin farashi.

Dalibin Legon:
Wanda aka fi jingina wa maganar Adam Smith ne, dan Sikotilan, a littafinsa na 1776. Ya ce ba don tausayinka mahauci da mai burodi ke ba ka abinci ba, ribarsu suke nema, amma in akwai gasa neman ribar ne zai sa su kyautata maka. Hayek, wani masanin tattalin arziki, ya kara a 1945 cewa farashi labari ne, in albasa ta yi tsada a Kumasi mai mota zai dauko daga Nijar ba sai minista ya aike shi ba, kuma babu ofishin da zai iya tara duk wannan sani.

Malam na Sabon Zango:
Kafin su duka, kaya sun yi tsada a Madina aka roki Annabi (SAW) ya yanke farashi bai yarda ba, ya ce Allah ne mai sa farashi. Amma fa ya hana boye abinci da algus, kar a dauki rabi a bar rabi.

Hajiya mai waakye:
Dana dalibi, wace gasar? Zo kasuwar tumatir ka sauke kwando daya ba da izinin sarauniyar tumatir ba ka gani. Koko na cakulan kuma har yau COCOBOD, hukumar koko ta gwamnati, ke yanke wa manomi kudinsa, shi ya sa in na Kodebuwa ya fi sai buhuna su tsallaka iyaka da dare. Mu kanana kadai ake ce wa ku je ku yi gasa.