Bangaskiya kaɗai, ko bangaskiya tare da ayyuka?

Ɗiyar Numan:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Na tashi a ikilisiyar Lutheran, inda tun a makarantar Lahadi aka haddace mana Afisawa 2:8-9, cewa ceto kyautar Allah ne ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba. Maigidana kuwa ɗan Katolika ne. Jiya bayan addu'ar dare surukata ta ɗora tabarau, ta buɗe Yakubu 2:24, ta karanta mini cewa ba ta bangaskiya kaɗai mutum yake samun barata (wato Allah ya karɓe shi a matsayin mai adalci) ba, ni kuma kunya ta hana ni musu da ita. Shin Katolika suna koyar da cewa mutum yana sayen ceto da aikinsa ne?

Tsohon Katikis:
'Yata, ba haka muke koyarwa ba. Majalisar Trent, wato babban taron bishop-bishop na Katolika, a hukuncinta na 1547, ta la'anci duk wanda ya ce mutum zai iya barata a gaban Allah da ayyukansa ba tare da alherin Almasihu ba. Abin da muka riƙe shi ne, alherin da ake karɓa a baftisma yana sabunta mutum daga ciki, dole kuma mutum ya ba da haɗin kai, domin yana iya zubar da wannan alheri ta wurin babban zunubi.

Malamin Tauhidi:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a nan gizo ke saƙar. Ga Martin Luther, wanda ikilisiyar Lutheran ta samo sunanta daga gare shi, barata hukunci ne da Allah yake yankewa, ya lasafta wa mai zunubi adalcin Almasihu, ayyuka kuwa 'ya'yan itace ne, ba saiwa ba. Shi ya sa ya ƙara kalmar "kaɗai" a Romawa 3:28 cikin fassararsa ta Jamusanci ta 1522, abin da ni kaina, ko da yake Furotesta ne, nake ganin ya ba abokan gardamarsa sandar dukansa. Mu muna fahimtar Yakubu da cewa matacciyar bangaskiya ta fatar baki yake tsawatawa.

Ɗan Jimeta:
'Yar'uwa, ki sani a ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu a kan sanarwa guda cewa da alheri kaɗai Allah yake karɓarmu, Ruhu Mai Tsarki kuma yake kiranmu ga ayyuka nagari. Akbishop Musa Panti Filibus na ikilisiyarku ma ya shugabanci wannan Tarayya daga 2017 zuwa 2023. Batun lada da addu'a domin matattu dai har yanzu da sauran rina a kaba, kuma ina zaton nan surukarki za ta nufa nan gaba.