Musayar waƙa: katunan tafkunan Ayaland daga akwatin Baba

'Yar Malam: Assalamu alaikum. Ina gyara kayan marigayi Baba na ci karo da katuna shida masu hoto, waɗanda malaminsa na sakandare, wani Fada ɗan Ayaland, ya riƙa aiko masa bayan ya koma gida. Huɗu na tafkunan Killarney ne, bugun kamfanin John Hinde na Dublin. Bismillah, na buɗe fage:

Na buɗe akwatin Baba cikin kewa,
Sai ga tafki shuɗi yana haskawa.
Dutse ya sunkuya yana duban ruwa,
Keken doki a gefe yana wucewa.
A baya an rubuta: ɗana, ina gaisuwa,
Tawada ta koɗe, ta ƙi gogewa.

Sarkin Baiti: Allah Ya jiƙan Baba. Amma ƙanwata, ki saurara:

Shuɗin nan naki ba na ruwan ba ne,
Aikin maɗaba'ar Italiya ne,
Can Hinde ke kai hotunansa a ƙara musu rini ne,
Ƙasar hazo da yayyafi ce, ki gane,
Hasken da ke katin ado ne.

'Yar Malam:

Yaya, kai da ko Tiga ba ka leƙawa,
Kai za ka gaya min launin ruwan Turawa?
Amarya ma da lalle ake kaiwa,
Ba mai cewa ƙarya ake nunawa.

Maman Hanif: Sai 'Yar Malam! Wallahi kin rufe masa baki. Mata dai ba a ja da mu a fagen nan.

Ɗan Damagaram: Sarkin Baiti, ɗangonka na uku ɗingishi yake, gaɓoɓi sun yi masa yawa. Kuma "ne, ne, ne" ba amsa-amo ba ne, kalma ɗaya kake ta juyawa.

Sarkin Baiti: Malam, rera shi ka ji. Waƙar Hausa da kunne ake auna ta, ba sai an ɗauko sikelin aruli ba.

Ɗan Damagaram: Na rera sau uku. Da kari ɗaya ka faro, da wani ka ƙare.

Na Gwaggo: To ita da ɗangonta na biyar ya zarce sauran, ka yi shiru? Son kai ne wannan. Sarki, muna bayanka.

Maman Hanif: Ku dai kun ji zafin Tiga ne.

Baffa Mai Tarihi: Kwana biyu ban leƙo ba, na tarar kun bar kati kuna faɗan kari. 'Yata, wanda aka ɗauka daga kan tudu, wurin Ladies View ake ce masa, domin matan da ke rakiyar Sarauniya Biktoriya sun yaba shi a ziyararta ta 1861. Shekara 16 kafin nan, a 1845, cutar dankali ta soma, yunwa ta ci mutum kusan miliyan ɗaya, wani miliyan ya bar ƙasar. Har lokacin da Hinde ya fara fitar da katunansa a 1957, matasa ba su daina tafiya Ingila neman aiki ba.

Kati bai nuna gidan da aka rufe ba,
Bai nuna wanda ya tafi bai dawo ba,
Ɗan da ke Boston bai manta tafkin ba,
Shi ake tura wa shuɗin, ba mu ba.

Ɗan Damagaram: Da girmanka Baffa, amma "ba" huɗun nan ciwonsu ɗaya da na Sarki.

Maman Hanif: Kai tun safe gyara kake, ko ɗango ɗaya ba ka kawo ba. Kawo naka mu auna.

Sarkin Baiti: Baffa ya taɓa min zuciya. Ga nawa, ƙanwata:

Ban janye batun rini ba, yana nan,
Amma na ga abin da Fada ya so a katin nan,
Garinsu ya so Baba ya gani daga nan.
Juyo mana bayan mai ganuwar nan.

'Yar Malam: Na Ross Castle kake nufi, wanda ke bakin tafkin Lough Leane. Na juya shi, Yaya. Kan sarkin an rubuta Éire, sunan Ayaland a harshensu, a jikinsa, gara ta ci kusurwa ɗaya, kuma har yanzu ƙamshin turaren Baba yake yi. A ƙasa, da jan biro, Baba ya sa ranar da ya mayar da amsa. Baiti sai gobe, yau hannuna rawa yake.

Ɗan Damagaram: Allah Ya gafarta masa. Nawa yana zuwa bayan Isha'i, ƙwar biyar.