Jaririyata bakwaini tana cikin kwalba, ruwan nonona kuma ya ƙi zuwa

Maman Baby:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min da shawara. Hawan jini ya sa aka yi min aiki cikina yana sati 30. Yarinyar ta zo da nauyin kilo 1.3, yanzu tana kwalba a sashen kulawa ta musamman na jarirai. Akwai robar iska a hancinta, da wata siririya da ake zuba mata nono ta ciki. Nauyinta raguwa ya yi maimakon ya ƙaru, jikinta kuma ya yi ɗorawa har suka sa ta ƙarƙashin shuɗiyar fitila. In na tatsa nono, abin da ke fitowa ko gindin kofi ba ya rufewa. Nas ta ce in fara ɗora ta a ƙirjina, amma wallahi tsoro nake ji, gani nake in na taɓa ta wani abu zai cire. Me zan yi?

Sista Mai Jinya:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki. Raguwar nauyi a kwanakin farko abu ne da aka sani, jarirai kan zubar da ruwan jiki, yawanci su mayar da nauyinsu wajen sati biyu. Fitilar nan maganin ciwon shawara ce, wanda ya yawaita ga bakwaini saboda hantarsu ba ta gama ƙwari ba. Robar nono kuma dole ce, domin jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen sati 32 zuwa 34.

Maganar nono nake so ki riƙe da kyau. Ɗan abin da kika raina, musamman dakashi, shi ne mafi tsada a wurinta. Cikinta ƙarami ne ƙwarai, kuma nonon uwa yana rage haɗarin wani mummunan kumburin hanji da ke kama bakwaini. Ki riƙa tatsa aƙalla sau 8 a yini da dare, kada ki tsallake na dare. Yawan tatsar ne ke kiran ruwan. Ki tatsa kina kusa da kwalbar kina kallonta, ki ɗan shafa nonon kafin ki fara, ko ɗigo nawa ne ki miƙa wa nas.

Maman Tagwaye:
'Yar uwa, na san wannan tsoron. Nawa tagwayen ma kwalba suka shiga, hannuna har rawa yake yi. Ba ke za ki ciro ta ba, nas ce za ta ɗauko ta, ta gyara wayoyin, ta kwantar miki da ita fata da fata, a rufe ku da zane. Ke zama kawai za ki yi. Ni dai bayan na fara haka ne nonona ya sauko sosai. Kuma kada ƙarar na'ura ta riƙa tsinka miki zuciya, sau da yawa motsin jariri ne ke kunna ta. Ki dubi fuskar nas, in ba ta ruɗe ba, ke ma ki kwantar da hankalinki.

Dakta A.:
Ina goyon bayansu. Wannan rungumar ana kiranta kulawar kangaru, an fara ta a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalaben ba sa isar jarirai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ta da wuri, ba sai an jira jariri ya gama daidaita a kwalba ba. Tana riƙe ɗumin jiki, tana taimaka wa numfashi da ƙaruwar nauyi, tana rage kamuwa da cuta. Amma likitan da ke ganinta shi ya san halinta, ki bi tsarinsa. Ki tambaye su yaushe za a duba idanunta da jinta, don wanda aka haifa a sati 30 yana buƙatar gwajin ido ko da ba a ga komai ba. Naki hawan jinin ma kada ki yi wasa da shi, yana iya tashi bayan haihuwa. Ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani, ki faɗa nan take.

Abban Yara:
Malama, ki sa maigida a ciki. Uba ma yana iya ɗora jariri a ƙirjinsa, ke ki samu ki runtsa. Masu zuwa dubiya kuma su yi haƙuri, mai mura ko tari kada ya matso, kowa ya wanke hannu.

Maman Baby:
Allah Ya saka muku da alheri. Na yi wa nas magana, ta ce gobe da safe bayan zagayen likitoci za ta ɗora min ita. Sista, tambaya ɗaya: nonon da na tatsa da dare, yaya zan adana shi kafin safiya?

Sista Mai Jinya:
Ki zuba a mazubi mai tsabta mai murfi, ki rubuta sunanki da lokacin tatsa, ki sa a firij nan da nan. Ki tambayi nas ɗin sashen awa nawa suke yarda a ajiye, domin ƙa'idar bakwaini ta fi ta sauran jarirai tsauri. Allah Ya raya mana ita.