Wace makarantar likitancin haƙori zan zaɓa wa yarinyar nan?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗiyata ta samu gurbin karatun likitancin haƙori a makarantu biyu. Ɗaya tana kusa da mu, kuɗinta da sauƙi, amma ba ta daɗe da buɗewa ba. Ɗayar tsohuwa ce mai suna a ƙasar waje, ga tsada. Kaina ya ɗaure, ku taimaka mini da shawara.

Likita: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kafin maganar kuɗi, a wace ƙasa take son yin aiki? Ki fara bincika ko hukumar rajistar likitocin haƙori ta ƙasar ta amince da takardar makarantar, don ba digiri ke ba mutum izinin taɓa bakin majinyaci ba, lasisi ne. A Ingila, yawancin waɗanda suka yi karatu a waje sai sun ci jarrabawa mai kashi biyu ta GDC, wato hukumar rajistar likitocin haƙori ta can, kafin a yi musu rajista. A Amurka kuwa galibi sai sun ƙara shekara 2 ko 3 a makarantar can. Sabuwar makarantar ma ki tambaya: an ba ta cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi ce?

Ɗalibar aji biyar: Mama, bari in ɗora a kan maganar Likita. Wannan karatu na hannu ne. Muna farawa da kan mutum na roba, mu yi ta fafe haƙoran bogi muna cikewa, amma kan roba ba ya jin tsoro, ba ya zubar da jini, harshensa ba ya motsi. Ranar da na fara yi wa mutum allurar kashe zafi a dasashi na gane bambancin. Don haka ki tambayi kujerun duba majinyata nawa suke da su, kuma nawa ne ke aiki da gaske. Ɗalibai nawa ke raba kujera ɗaya? A wane aji ake fara duba majinyata? Haƙora nawa ɗalibi zai cire, nawa zai cike kafin a yaye shi? Mu bara kujeru biyu suka lalace, muka shafe makonni mu huɗu muna jiran ɗaya. Har yanzu abin na yi mini ciwo, lokacin nan ba zai dawo ba. Kuma 'yan ajin ƙarshe za ki tambaya, ba ofishin ɗaukar ɗalibai ba.

Kawu: Ni na biya wa ɗana, kuma abin da aka rubuta a takarda ba shi ne duka ba. Akwai kayan aikin da wasu makarantu ke sa ɗalibi ya saya da kansa, ga masauki, ga kuɗin jirgi. Karatun shekara 5 ne ko 6 a ƙasashe da yawa, to ki lissafa har ƙarshe, ki ƙara shekara ɗaya ko da za ta maimaita aji. Canjin kuɗi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ɗalibar aji biyar: Af, na manta harshe! Ana iya koyarwa da Turanci, amma mai ciwon haƙori da harshensa zai yi kuka. In ba ta ji ba, sai ta zama 'yar kallo.

Likita: Gaskiyarki ƙanwata. Shi ya sa in aka ce wuri, ni cikar asibitin koyarwar nake dubawa, ba kyan gari ba.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan je ta kusan in ƙirga kujerun da idona. Likita, takardar amincewar a wurin makarantar zan nema, ko wurin hukumar?

Likita: Wurin hukumar, Hajiya. Kuma ki duba ranar da wa'adinta zai ƙare.