Gareji biyu, farashi biyu: wa zan yarda da shi, kuma wane aiki zan iya yi da kaina?

SabonDireba:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Ƙaramar mota ce mai shan fetur, silinda huɗu, giyar hannu, ta ci kilomita 140,000. Abu uku ke damunta: birkin gaba yana ƙara in an taka, fitilar injin ta kama a dashbod kuma motar tana karkarwa a silo, sannan lokacin canza bel ɗin taimin ya yi.

Gareji na farko sun rubuto min takalman birki da faifai biyu na gaba, kwayil huɗu, fulogi huɗu, sensar salansa, bel ɗin taimin da tenshina (abin da ke ɗame bel ɗin) da famfon ruwa, da shokazoba biyu na gaba. Na biyun bai rubuta komai ba, da baki ya faɗi kuɗi, kusan rabin na farko, ya ce in kawo kawai za su gyara komai. Ta yaya zan gane wanda ya cika min kaya da wanda zai yi min aikin rabi da rabi? Kuma a cikin waɗannan wanne zan iya yi a gida? Ina da saitin sufana da jak ɗin da ya zo da motar.

TsohonMakanike:

Wa alaikumus salam. Malam, a yanzu farashi ɗaya ne a hannunka. Na biyun bai faɗa maka abin da zai sa a motar ba, don haka babu abin da za ka gwada da na farko. Koma ka ce ya rubuta sunan kowane kaya, kamfanin da ya ƙera shi, sabo ne ko na kwance, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, da tsawon lokacin da zai ɗauki alhakin aikin in ya dawo. In ya rubuta, yawanci za ka ga inda rabin ya tafi: bel kaɗai babu tenshina babu famfo, takalmi kaɗai babu faifai, kwayil na kwance. Wani ragin daidai ne, wani kuma shi zai kashe maka inji.

Shi kuma na farko, kowane layi a takardarsa ka tambaye shi me ya auna.

Birki. Sabon takalmi yana da kaurin milimita 10 zuwa 12, in ya sauko zuwa 3 a canza. Wannan ido ma yana gani. Faifai ne ake cusa wa mutane. Kowane faifai an buga masa mafi ƙarancin kaurinsa a gefe ko a cibiya, za ka ga MIN TH da lamba. Da yawa milimita biyu kacal aka yarda su ci, misali sabo 25, iyaka 23. A auna a tsakiyar inda takalmi ke gogawa, don bakin faifai yana barin tudu da ba ya ciwa, wanda ya auna a kan tudun zai samu lambar ƙarya. In kaurin bai kai iyaka ba, babu rami mai zurfi da farce ke maƙalewa, kuma feda ba ta bugun ƙafa in an taka a guje, faifan zai iya zama. In ya kai, biyun ake canzawa tare, hagu da dama.

Ka kuma dubi tsofaffin takalman na taya ɗaya. In na ciki ya cinye, na waje yana da sauran nama, kusoshin da kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman a jikin faifai, ke zamewa a kansu sun ƙage. Babu wanda ya rubuta maka wannan a cikin su biyun, kuma in ba a zare su an wanke an sa giris ba, sabon takalmi haka zai sake ci.

Shokazoba kuwa ba ta cikin ƙorafinka. Ka ce a nuna maka. Mai yana gangarowa a jikinta har ƙasa? Taya ta ci tudu da kwari? Mota tana ta lilo bayan ta tsallake rami? Ɗan damshin mai a sama ba dalili ba ne. In babu ko ɗaya, cire ta daga lissafi, a sake dubawa nan gaba.

A kan taimin, na farko ne ke da gaskiya, muddin bel ɗin taimin ne ke juya famfon ruwan motarka. Kuɗin aikin nan a buɗewa yake. Sai an cire fanbel, fuli, murfi, sau da yawa har da kujerar inji ta gefe, kafin a kai ga bel. Tenshina da famfo duk a nan suke, kuma boris ɗinsu ya yi tafiya daidai da ta tsohon bel. In aka bar su, boris ya ƙage bayan wata shida, bel zai tsallake haƙora ko ya tsinke. A yawancin injinan yanzu bawul da fistin wuri ɗaya suke amfani da shi, lokaci ne kawai ya raba su. Bel na tsinkewa fistin ya daki bawul ya lanƙwasa, sai sauke tof silinda. Tunda an buɗe, a duba sil ɗin da ke bayan fuli, in yana jiƙewa a canza, don baƙin mai yana cin robar bel. Tazarar canji ta bambanta sosai, daga kilomita 60,000 har 160,000, ko adadin shekaru, duk wanda ya riga zuwa. Littafin motarka ne alƙali.

Duk wanda ka ba aikin, ka faɗa masa tun kafin ya fara cewa kana son tsofaffin kayan a cikin kwalayen sababbin, kuma kada a ƙara ko kusa ɗaya a lissafi sai an kira ka.

Rewaya:

Oga ya gama da birki da bel. Ni layin kwayil huɗu da sensa ne ya tsaya min. Haka takarda take fitowa in an sa kwamfuta an karanta lamba, ba a yi bincike ba.

Tambaye su wace lamba ta fito. In sun kasa faɗa, ka sayi ƙaramar na'urar OBD, wato mai karanta lambobin matsalar mota, mai haɗuwa da waya, ramin da ake jona ta yana ƙarƙashin sitiyari, mai ƙofa 16. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka suna da shi tun 1996, masu fetur na Turai tun 2001. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda ɗaya ba ya ƙona mai daidai, lambar ƙarshe ita ce silindar. P0300 na nufin cijewar, wato rashin ƙona man daidai, ba a wuri ɗaya take ba. Lambar ba ta ce kwayil ya mutu ba, ta nuna maka inda za ka duba ne.

Mu ce P0302 ce. Kashe mota, cire kwayil na biyu da na uku, yawanci kusa ɗaya mai lamba 10 ce ke riƙe da kowanne, ka musanya su. Goge lambar, tayar, ɗan zagaya. In ta koma P0303, laifin ya bi kwayil, guda ɗaya za ka saya. In ta tsaya a P0302, musanya fulogi haka nan. In har yanzu tana nan, saura nozul, waya, ko matsin silindar. A nan sai gareji, a auna matsin duka huɗun, bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Kwayil huɗu sababbi ba za su gyara bawul da ya ƙone ba.

Sensar salansa kuma a bar ta zuwa ƙarshe. Silindar da ba ta ƙona mai tana tura ɗanyen fetur da iska cikin salansa, sensa ta faɗi abin da ta gani, a ce ita ce ta lalace. Haka in P0171 ta fito, wato iska ta yi wa mai yawa, a fara duba tiyon da ke tsakanin matatar iska da inji, yana tsagewa a ƙasan lanƙwasa inda ido ba ya kaiwa. Gyara cijewar, goge lambobi, yi tafiyar kwana biyu zuwa uku. In lambar sensa ta dawo ita kaɗai, sannan a yi maganarta.

Fitilar a tsaye take ko tana ƙiftawa? In tana ƙiftawa ka rage hawa motar, fetur yana ƙonewa a cikin katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, kuma kuɗinsa ya ninka na kwayil sau da yawa.

Fulogi aikin gida ne, a kilomita 140,000 ka canza huɗun in ba ka san ranar da aka sa su ba. Inji ya huce sarai, don kan injin yawanci alminiyom ne. Hure ƙurar ramin kafin ka zare. Sabon ka fara ɗaura shi da hannu, in ya yi tauri tun farko ka dawo da shi, ya hau a karkace. Ƙarshen ɗauri da sufana mai ma'auni, yawanci Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 20 zuwa 30, siraran fulogi ƙasa da haka, duba kwalin. In ka tarar da baƙin mai a ramin fulogi, gasket ɗin murfin sama ne ke yoyo, shi ke kashe kwayil, sabon ma zai bi shi.

SabonDireba:

Allah ya saka da alheri. Fitilar a tsaye take. To birkin fa, zan iya? Na ga kamar kusa biyu ne kawai.

Sufana17:

Za ka iya, ɗan'uwa, amma ba da wannan jak ɗin ba. An yi shi don canza taya ne, ba a aiki a jikin motar da shi kaɗai ya ɗaga. Kana buƙatar ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, ƙasa mai tauri da ta daidaita, abin tare tayar baya, sufana mai ma'auni, da matsi na tura fistin ɗin kalifa. Haɗa kuɗin waɗannan ka gwada da kuɗin hannun da aka rubuta maka. A karon farko da wuya ka ci riba, ribar tana zuwa daga aiki na biyu. In ba ka da niyyar ci gaba da taɓa motarka, biya kawai.

Sassauta notin taya tun tana ƙasa, ɗaga, tokare. Gefe ɗaya za ka buɗe, ɗayan ya zama maka abin dubawa in ka manta yadda ƙarafunan suke zama. Kwance kusoshin kalifa, ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kada ta yi lilo a kan tiyon birki, yana tsagewa ta ciki ba ka gani. Buɗe murfin robar man birki kafin ka tura fistin baya, ka tura a hankali kana dubawa, in an taɓa ƙara mai zai yi ambaliya kuma yana cin fenti. Kankare tsatsar inda kunnuwan takalmi ke zama. Zare kusoshin zamiya, goge, sa giris na birki mai silikon, giris na gama-gari yana kumbura robarsu su sake ƙagewa. Ko ɗigo kada ya taɓa fuskar takalmi ko faifai. In za ka sa sabon faifai, wanke man da aka shafe shi da shi a kamfani, ka goge fuskar hob, inda faifai ke zama, tas, ɗan tsatsa a bayansa ya isa ya sa feda bugu.

Notin taya a ɗaure su a tsallake, ba a jere ba, ƙananan motoci galibi Nm 100 zuwa 140. Kafin ka motsa motar, taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri. Takun farko ƙasa take tafiya babu birki ko kaɗan, a nan ne mutane ke shiga bango. Bayan haka ka ɗan yi tafiya kana rage gudu a hankali sau takwas zuwa goma don takalmi ya zauna.

Na baya ba haka yake ba. In hambirki a jikin kalifa yake, fistin murɗa shi ake yi yana shiga, in ka matse shi ka fasa. In hambirkin maɓalli ne, sai an sa shi a yanayin gyara da na'ura.

Man birki in za ka ƙara, abin da aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4. DOT 5 silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Man DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi, shi ya sa ake canza shi kusan duk shekara biyu, kuma ban gan shi a takardar garejin ba.

Taimin ma ba gagara ya yi ba ga mai littafi da haƙuri.

TsohonMakanike:

Nan kam ban bi ka ba, Sufana. Wanda bai taɓa canza takalmin birki ba kada ya fara da taimin. Kuskuren fulogi mota ta ƙi tashi ne, ka sake. Kuskuren taimin ba ya ba ka dama ta biyu. Haƙori ɗaya in ya goce mota za ta tashi ba ƙarfi, biyu ko uku bawul ya tafi. Kusar fulin ƙasa kaɗai tana kayar da mai kayan gida, wasu injinan kuma ba su da alama ko ɗaya, sai da ƙarafunan kulle shaf na wannan injin. Malam, abin da za ka tambayi duk wanda zai yi maka shi ne ko zai juya injin da hannu zagaye biyu cikakku ya sake duba alamomi kafin ya sa makulli, da kuma irin ruwan lagireto da zai zuba da yadda zai fitar da iska. In ya yi maka dariya, ɗauki motarka.

Shokazobar gaba ma, ranar da ta zo, kada ka kwance notin samanta a gida. Sifirin ɗin a matse yake da nauyin mota, in ya kuɓuce yana karya hannu ko fuska. Kuma duk wanda ya canza ta sai an yi saitin ƙafa, ka duba ko yana cikin kuɗin.

Sai maganar sayo kaya da kanka ka kai gareji. A kan fulogi da takalmi babu laifi. A kan saitin taimin bari su sayo, ka dai tsaya a kan kamfanin da ka yarda da shi, ka ga kwalin a rufe. In kai ka kawo kuma famfo ya fara yoyo, za su ce kayanka ne, kuɗin buɗewa na biyu a kanka yake. In za ka saya duk da haka, tafi da lambar chasis mai harafi da lamba 17, don mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da inji biyu, bel ɗinsu ba adadin haƙora ɗaya ba.